Kwalabe Shidda na Garin Jan Ƙarfe

Ni dai tun ina yarinya ba a sayar mini da abu a rufe. Buhun shinkafa in anka kawo shi a ɗinke, sai na zura hannu har gwiwa na ɗebo ta ƙasa, don na san halin wasu mutanen fadama: mai kyau a baki, tsakuwa a gindi. Shekara talatin da ɗoriya ina turara shinkafa a Malanville, nan bayan injin casa, kuma wanga hali ya tsare ni daga cuta da yawa. Ban taɓa jin kunyar a ce da ni mai zargi ba.

Allah bai ba ni haihuwa ba. Ƙanena ne ya ɗauko ɗiyarshi ranar da anka yaye ta, ya aje mini bisa cinya, ya ce, "Yaya, ga taki." Ban maida ba, shi ma bai ƙara tambaya ba. A bayana ta girma, cikin tururin tukunya da ƙaiƙayin ɓuntu, tana ce mini Inna. Da ta shiga lakwal, makarantar boko, kai ya yi kyau, anka yi ta tura ta gaba, daga nan sai Kandi, daga Kandi sai can kudu, jami'a. Kowane mataki ta hau ina murna, ina kuma jin tsoro, don na ga ɗiyan mutane da yawa sun tafi kudu sun dawo da jikinsu kawai, zuciyar tana can. Ita kaɗai gare ni, kuma abin da nake tsoro duk duniya shi ne a raba ni da ita.

Muna da wata al'ada ni da ita. Duk hutun da ta zo, kafin ta sha ruwa, sai ta jawo akwatinta ta aje gabana, ni ke buɗewa. In fidda tsarabata da hannuna, in ɗaga tufafinta ɗaya-ɗaya in ga wanda ya yage, in shinshina in ji ko tana wanki da kyau. Tana zaune tana dariya tana cewa, "Inna, duwan masu binciken kaya bakin gada ma ba su kai ki ba." Akwatin nan bai taɓa sanin kwaɗo ba.

Shekarar da nake magana ba hutu ta zo ba, wucewa za ta yi. Ta ce za ta ƙetare gada zuwa Gaya ta ci gaba, akwai wani ɗakin gwaji can gaba mai injin da babu irinshi wajensu, sun ba ta mako guda bayan ta daɗe tana jiran layi. Ta zo da kwana huɗu a hannu don ta gan ni, ta kuma ɗebi ɓuntu daga ƙauyuka. Ɓuntu fa! Na ce, "Ke da anka kai jami'a, shara kinka dawo nema?"

Ta aje akwati, na buɗe. Ga atamfa, ga sabulu, ga man zafi na gwiwata. Can ƙasa, cikin kwana, sai na ji wani abu mai tauri naɗe da ɗankwalinta. Gwangwanin madara ne. Na ɗaga murfin, ga auduga, cikin audugar ga ƴan kwalabe shidda a jere, irin na ruwan allura a dispansar. Ba su da murfi, bakin kowacce an narkar da shi ya haɗe. A ciki akwai gari ja-ja mai duhu, bai fi cokalin shayi ba kowacce. Na ɗauko ɗaya zan ɗaga ta a rana, sai na ji hannu ya kama wuyan hannuna.

"Inna, don Allah, wannan kar a taɓa."

Ta karɓe, ta maida cikin auduga a hankali, har numfashinta ta riƙe. Ni kuwa na zauna da hannu a buɗe. Tun da anka aje mini yarinyar nan bisa cinya ba ta taɓa kama mini hannu ba, ba ta taɓa ce mini kar in taɓa abu ba. Na yi dariya don kar ta gane, na ce, "Zinariya ce?" Ta ce, "Jan ƙarfe ne, Inna. Gobe in yi miki bayani." Na ce to. A raina na ce, ruwa ba ya tsami banza.

Wanshekare da hantsi ta kai ni gindin tulin ɓuntun da ke bayan injin, wanda muke cinna ma wuta ya yi ta hayaƙi har maƙwabta su zage mu. Ta ɗebi ɓuntun a tafin hannu, ta ce in anka ƙona shi cikin tukunyar ƙarfe a rufe, ba a bar iska ta shiga sosai ba, ba toka kawai yake bayarwa ba, yana fidda gaz. Cikin gaz ɗin akwai iri biyu masu amfani, amma in ka bar su tare shekara goma ba za su haɗu su zama komi ba. Sai an bi da su ta kan garin jan ƙarfen nan, da zafi, da matsi, sannan su haɗu su zama ruwa.

"Kamar dillali ne, Inna. Mai saye da mai sayarwa ba sa magana, shi ke haɗa su, ya tashi ya bar su, bai ragu da komi ba."

Na ce, "Dillalin da ba ya cin la'ada? Ba a haife shi ba tukuna. Wane ruwa ne?"

Ta ce, "Alkol."

Na ce, "Innalillahi! Sodabi? Giya?"

Ta ce ba na sha ba ne, na murhu ne, da na wanke ciwo a dispansar, ana kuma iya haɗa shi da esansi, man fetur, a zuba ma kabu-kabu. Ta ce wahalar aikin duka ita ce jan ƙarfe shi kaɗai wani ruwa dabam yake bayarwa, mugu, wanda in mutum ya sha sai ya makance. Sai an sa mishi ɗan wani ƙarfe da ɗan gishirin toka, daidai gwargwado, sannan ya ba da wanda ake so. Gwargwadon nan take nema, shi ya sa kwalaben sunka zama shidda, kowacce da nata haɗi. Tana magana idonta na ƙyalli, ni kuwa abu uku na tsinta cikin maganar: giya, makanta, da toka.

Na tambaye ta mi ya sa ba su da murfi. Ta ce garin ba ya son iska ko kaɗan, an gasa shi cikin wata iska ta dabam har ya farka, anka rufe shi nan take. "Wani abokin aikina ne ya rufe mini su da wuta. Hannunshi ya fi na kowa. Ya ce ko duwan sunka matsa, in nuna takarda, kar in yarda a buɗe."

Abokin aiki. To, biri ya yi kama da mutum. Don tun isowarta salularta ke kuka, ta duba, ta yi murmushi, ta fita zaure tana faransanci ƙasa-ƙasa. Na sa kunne ban tsinci komi ba sai dariya. Na tambaye ta ɗan ina ne, ta ce ɗan can bakin teku ne. Na lura ba ta cin tuwo kamar da, loma uku ta wanke hannu. Na lura da ta shigo gida sai ta leƙa akwatin kafin ta gaishe ni. Da na ce ta ƙara kwana biyu, ta ce, "Ba ni iyawa, Inna, su ke jirana." Ban san ko mutanen take nufi ba ko kwalaben.

Ina da ƙawa, Badandiya, mai bandar kifi, katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Ita nake kai ma abin da ya fi ƙarfina. Na same ta tana juya kifi bisa raga, na zayyana mata komi: gari ja, kwalba ba murfi, namiji ya rufe da hannunshi, ya ce kar a buɗe, kar iska ta taɓa. Ta aje sandar juyin, ta dube ni, ta ce, "Ke kuma har sai an gaya miki? Wace laya kinka taɓa gani da murfi?"

Na ce ta ce aikin lakwal ne.

Ta ce, "To mi za ta ce? Wanda anka ɗaure ai bai san an ɗaure shi ba. Mutanen bakin teku a kwalba suke sa mutum. Yarinya ta bar cin abinci, ta kama miki hannu, tana gadin gwangwani kamar jariri. Ki bari ta ƙetare gada da su, ki ga in kin ƙara ganinta."

Ba zan ɗora mata laifi ba, abin da ke cikina ta faɗa da ƙarfi. Mu biyu ba wanda ya taɓa zuwa bakin teku, ba mu san mutum ɗaya daga can ba in ba direbobin kamyon masu dakon kaya ba, amma munka yanke ma bawan Allah hukunci tsakanin juyin kifi biyu. Na yi tunanin in kai ma malam, sai na tuna matar malam bakinta ba ya riƙe ruwa, kafin la'asar kasuwa duka ta ji ɗiyata na dafa giya. Maganin kuwa kowace tsohuwa ta san shi: abin da anka ƙulle, a buɗe shi rana tsaka, iska ta sha shi, a kai ma ruwa mai gudu.

Kwana na uku ta hau kabu-kabu da safe ta tafi ƙauyen Garu ɗibar ɓuntu. Ta bar akwatin nan inda yake, a buɗe yadda ya saba. Na jira rana ta take tsaka. Na yi alwala. Na ɗauko gwangwanin, na ɗauko tasa da wuƙar yankan kuɓewa, na zauna tsakar gida. Ba zan ɓoye ba, ina jin tsoro, amma ba shakka nake yi ba, tsoron abin da ke ciki ne. Na yi bisimilla, na ƙwanƙwasa wuyan ta farko, ya ɓalle, na zazzage garin cikin tasa.

Wallahi ina kallo ya sake launi. Jan nan ya yi ta gudu daga gefe zuwa tsakiya, baƙi na bin shi. Na kai yatsa, na janye da sauri: zafi, kamar tokar da anka ɗebo yanzu daga murhu. Wani ɗan ɓurɓushi ya faɗa kan audugar, ta yi tabo ruwan ƙasa, na ji ƙauri. Garin da ya kwana uku cikin akwati, ba wuta ba garwashi! Na ce, "A'uzu billahi, kin ga abin da sunka ɗora ma ɗiyata!" Duk ɗan kokwanton da ya rage mini ya tafi. Na fasa sauran biyar ɗaya bayan ɗaya, na zuba su kan na farko, na motsa da tsinke don iska ta ratsa ko'ina. Ina yi ina hawaye, ina gode ma Allah da ya ba ni ido.

Ban kai garin gulbi nan take ba. Na ce sai ta gani da idonta, don ta san Innarta ba ta tsufa a banza ba. Na rufe tasar da faifai, na dafa mata shinkafa da miyar kifi, na zauna ina jira.

Da la'asar ta shigo, ƙura har gira, riƙe da ƴan ledojin ɓuntu da ta yi ma rubutu. Ta gaishe ni, ta nufi ɗaki. Na ce, "Ba ya can. Zo nan." Na ɗaga faifan.

"Ga abin da ya ba ki. Dubi yadda ya koma da ya ji iska. Har zafi ya yi, ya ƙona mini yatsa."

Ta dubi tasar. Ta dubi ɓaraguzan kwalba da na tara gefe. Ledojin sunka zube daga hannunta, ta zauna ƙasa, nan cikin ƙura, ba tabarma. Ni ina jiran in ga abin ya sake ta, in ga ta yi atishawa ko ta fashe da kuka ta rungume ni, kamar yadda ake faɗi.

Ta ce, "Duka shidda, Inna?"

Na ce, "Duka."

"A tasa ɗaya?"

"Har na motsa."

Ta rufe ido. Ba ta ɗaga mini murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi, don faɗa na iya shi. A hankali ta ce shekara da watanni ta yi tana haɗa su, wasu sau goma tana yi suna lalacewa kafin ɗaya ta yi kyau. Ta ce da ɗaya na fasa, da ta tafi da biyar. Da ban haɗa su ba, da ko yaya ta san wanne ne wanne.

Ni kuwa taurin kai bai bar ni ba. Na ce, "In ba asiri ba ne, mi ya sa ya yi zafi? Mi ya sa ya yi baƙi? Gaya mini!"

Sai ta miƙo hannu ta taɓa munduwar jan ƙarfe da ke hannuna, wadda na gada wajen uwata. Ta ce, "Wannan ba ta yi miki duhu?"

Na ce tana yi, kowace salla nake goge ta.

"Iska ce ke cinta, Inna. Ita ƙarfe guda ce, sai ta shekara kafin ki gani. Shi kuwa gari ne mai laushi, ya fi kwalli, iska ta same shi ta ko'ina lokaci guda, shi ne zafin da kinka ji. Shi ke nan. Ba komi ciki sai haka."

Na dubi munduwar, na dubi tasar. Abin da nake gogewa da hannuna shekara da shekaru. Na ji kamar in nutse don kunya. Amma ni mace ce mai neman gyara, ban iya zama da ɓarna ba, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "To ai da sauƙi. Kawo in wanke miki shi da tsamiya da toka, yanzu ya koma ja."

Ta dube ni, sai ta fashe da dariya. Ta yi ta dariya tana riƙe ciki, har na fara murmushi ina cewa ko an samu mafita. Can na ga dariyar ta juye, kafaɗunta na rawa, ta kifa kai bisa gwiwa. Na kai hannu zan dafa ta, na kasa. Shinkafar da na dafa tana nan a rufe, ba wanda ya ci.

Da ta natsu ta fita zaure ta kira mutumin nan. Wannan karon ba dariya. Da ta dawo na tambaye ta mi ya ce, ina jiran in ji ya zage ni. Ta ce, "Ya ce in gaishe ki. Ya tambaya ko kwalbar ba ta yanke ki ba." Ta ƙara da cewa yana da mata da ɗiya uku, ya kusa kai shekarun babanta, kuma dariyar da nake ji, labarina take ba shi, yadda nake bincike fiye da duwan. Cin abinci kuwa fargabar gwajin ce ta hana ta.

Wanshekare ba ta ƙetare gada ba. Ta kwashe baƙin garin cikin leda, ban san mi za ta yi da shi ba, ta hau kar, babbar motar fasinja, mai komawa kudu. A tasha na ce ta yafe mini. Ta ce, "Haba Inna, ba komi, don ni kinka yi." Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba. Ƙawata da na gaya mata yadda anka ƙare, ta ce, "Uhm. Amma dai ya yi zafi." Daga nan mun yi wata ba mu yi hirar kirki ba.

Ta sake aikin daga farko. Tana kirana kowace Juma'a, ba ta taɓa tada maganar ba, in na tambaya sai ta ce yana tafiya. Fiye da shekara bayan haka, wata ranar kasuwa, salulata ta yi kuka. Ta ce, "Inna, ina Gaya. Na wuce ɗazu, kar ɗinmu bai tsaya ba, shi ya sa ban leƙo ba."

Ni za a gaya ma halin kar? Shekara nawa ina kai ma masu tuwon bakin duwan shinkafa? Ba motar da ke hawa gadar nan ba ta tsaya ba, fasinja su sauka, su yi salla, su ci abinci, wani lokaci har su yi barci. Daga nan zuwa ƙofar gidana kabu-kabu ba ya gama zafi. Ke nan ɗazu tana nan zaune cikin garin da ta girma, da gwangwaninta bisa cinya, tana jira a buɗe hanya. Wannan karon zargina daidai ne, hannuna ta guje ma, kuma ban ji daɗin dacewar ba. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, ya ba da sa'a." Ta ce amin.

A dawowa ta tsaya, kwana biyar ta yi mini. Ta ce cikin shidda, biyu sun ba da abin da ake so, kaɗan dai, amma sun bayar, kuma aikin da saura. Ta yi ƙiba, tana dariya. Kafin ta sha ruwa ta jawo akwatin ta aje gabana kamar kullum, na kai hannu kamar kullum. Sai yatsana ya ci karo da ɗan kwaɗo, sabo, mai ruwan zinariya.

Ta gani, na gani. Ta fara laluben jaka da sauri tana cewa, "Saboda tasha ne, Inna, ɓarayi sun yi yawa. Bari in buɗe miki."

Ba komi cikin akwatin sai tufafi da tsarabata, na sani, kwalaben sun riga sun gama aikinsu. Na janye hannuna na sa cikin zane. Na ce, "Bar shi, ɗiyata. Sha ruwa tukuna, in kin huta ki fiddo mini da kanki."